Taron Legas ko Kayan Amaren da ke Hannuna?

Assalamu alaikum Anti. Ni tela ce a Kano, shekarata 31, ina da aure da yara biyu. Shekara shida ke nan da buɗe shagona, ina da kekuna biyar, masu ɗinki huɗu da 'yan koyo biyu. Yawancin aikina kayan amare ne da anko. Muna da zauren WhatsApp na masu sana'ar, kullum maganar ɗaya ce: duk wadda ba ta zuwa tarukan masu zanen kaya na Legas da Abuja a telar unguwa za ta ƙare. Bara na bi su Legas kwana biyar, na kashe abin da ya kusa saya mini sabon keke. Na dawo da hotuna da lambobin waya sun fi talatin, har yau ban ga aiki ɗaya daga cikinsu ba. Na kuma tarar an ɓata wuyan rigar dinar wata amarya, sai da na sayi wani leshin da kuɗina. Bana ga shi sun sake taso ni a gaba, har wata ta ce tsoro ne ke damuna da rashin hangen nesa. Ina da amare bakwai tsakanin Nuwamba da Disamba, duk sun ba da kafin alƙalami. Maigidana bai hana ni ba, ya dai tambaye ni me tafiyar bara ta kawo, na rasa amsa. In na zauna sai in ga kamar ana wuce ni, in na tafi hankalina yana shago. Anti, yaya zan yi?

Tela daga Kano

Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanwata, bari in fara ba ki amsar kafin bayani: bana ki zauna. Amare bakwai sun damƙa miki kayansu da kuɗinsu, kowacce an sa mata rana, ranar biki kuwa ba ta jiran tela. Alkawari kaya ne, kin kuma riga kin ɗauka. Taron Legas in Allah ya kai mu baɗi yana nan a watan da aka saba yin sa. Amarya sau ɗaya za ta sa rigar kamunta.

Ban ce kada ki ƙara zuwa taro ba, ban kuma ce duk abin da ƙawayenki suke faɗa shirme ne ba. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsu, za mu zo kanta. Amma bari in fara ba ki labarin abin da idona ya gani.

Shekarun baya da muka aurar da 'yar yayata, ni aka wakilta in karɓo kayan kamu. Na isa shagon bayan la'asar ranar Laraba, kamu kuwa Alhamis da yamma. Na tarar da rigar a shimfiɗe a kan teburin yanka, an haɗa hannu ɗaya, ɗayan yana gefe da allurai a jikinsa, duwatsun da za a jera a ƙirji suna cikin leda ko buɗe ta ba a yi ba. Mai shagon ta yi tafiya, wai sai Juma'a. Yarinyar da aka bar wa shagon ba za ta wuce shekara 19 ba, tana riƙe da waya tana ta kira ana ce mata a kashe take, idonta ya ciko da ƙwalla. Na kasa yi mata faɗa, don ba ita ta yi mana alkawari ba. Muka zauna ni da ita har ƙarfe ɗayan dare, janareta yana ta ruri a ƙofar shago, ina miƙa mata duwatsu tana mannawa. An sa rigar, amma duk wanda ya san ɗinki ya ga kafaɗar hagu ta ɗan ɗaga. A wajen kamun nan, duk matar da ta tambayi wa ya yi ɗinkin, sai yayata ta faɗi sunan shagon ta ɗora da labarin. Ba ƙarya ta yi mata ba, zuciyarta ce ba ta huce ba. Telar nan gwana ce, hannunta yana da kyau ƙwarai, amma daga danginmu ba ta sake ganin ko yadi ɗaya ba, mu kuwa dangi ne masu yawan 'yan mata.

Wadda nake kai wa ɗinki yanzu a gidan suna na samo ta, alhali ita ba ta ma wurin. Wata baiwar Allah ce ta zauna kusa da ni da doguwar rigar atamfa, na ga zanen ya haɗu a gefe kamar ba a taɓa yanka shi ba. Na nemi izini na juya bakin rigar na duba cikinta. Na ce wa ya yi miki? Ta ba ni lamba, ta ce, "Hajiya, in ta ce miki Talata, to Talata ce." Shekara tara ke nan ban canza ta ba, kuma ban san adadin waɗanda na tura mata ba.

To ke ki zauna ki ƙiyasta. Amare bakwai, kowacce da kamu, da dina, da wunin biki, da buɗar kai, kowane zama cike da mata masu 'ya'ya da ƙanne da za a aurar nan da shekara ɗaya ko biyu. Su ne za su zura wa rigarki ido, su taɓa, su tambaya. Babu zauren taro a Legas da zai tara miki masu biyan kuɗin ɗinkin amarya a Kano kamar yadda waɗannan bukukuwa bakwai za su tara miki su, kuma ba ki biya kuɗin jirgi ba.

Yanzu mu duba tarukan kansu, don ya kamata ki san abin da ake kiran ki zuwa gare shi. Lagos Fashion Week, wanda Omoyemi Akerele ta kafa a 2011, yawanci a ƙarshen Oktoba ake yin sa, kuma ya ɗaga sunan masu zanen kaya na Najeriya da dama har ƙasashen waje. GTCO Fashion Weekend, wanda bankin GTBank ya fara a 2016, a Nuwamba ake yi. Shiga kyauta ne, ana kawo ƙwararru su ba da darasi, ana kuma bai wa ƙananan 'yan kasuwa da aka zaɓa rumfar baje kaya ba tare da sun biya kuɗin rumfar ba, in sun nema tun da wuri. Taruka ne na gaske, masu amfani. Sai dai mutum uku ne ke shiga irin wannan wuri: mai nuna kayansa a dandali, mai rumfa, da ɗan kallo. Na farko yana neman suna da 'yan jarida da masu manyan kantuna da za su sari kayansa. Na biyu ciniki yake yi hannu da hannu. Na uku ya zo buɗe ido ne. Bara a na uku kika je, kika kuma sa ran ladar na farko da na biyu. Nan lissafin ya karye.

Akwai kuma maganar irin sana'arki. Mai kanti da ya zo neman abin da zai sara, ɗinkakkun kaya yake nema, riga iri ɗaya ƙarama da matsakaiciya da babba, wadda zai ce a yi masa hamsin a kawo ran kaza. Ke kuwa ɗinkin awo kike yi, kowace riga da mai ita, sai an gwada an rage nan an saki can. Ko da mai kantin ya yaba hoton da kika nuna masa a waya, ba shi da abin da zai saya a hannunki. Sauran mutanen da suka cika zauren kuma mafi yawansu teloli ne irinki, kowa yana neman wanda zai ba shi aiki. Lambobi talatin ɗin da kika dawo da su, in kin duba, ina kyautata zaton ashirin da wani abu na 'yan'uwanki masu ɗinki ne. Ba za su kawo miki amarya ba. Abin da za su iya ba ki daban ne, kuma yana da daraja: wa ke sayar da leshi mai kyau a kasuwar Balogun ta Legas ba tare da ha'inci ba, yadda ake sa wa riga ƙarfen ciki ta zauna a jiki ba ta cutar da mai ita ba, nawa suke yanke wa aikinsu, yaya suke biyan ma'aikata. In wannan kika je nema, kwana biyu sun isa, kuma za ki iya faɗa wa maigida abin da kika dawo da shi.

Kullum in aka yi mini maganar tafiya neman hanya, fatake nake tunawa. Kakanninmu da suke bin ayari daga Kano zuwa Gwanja, a ƙasar Ghana ta yanzu, su kai kanwa da fatu da baƙin yadi su sayo goro a Salaga, sun fi mu sanin darajar sanayya, don a kanta suke cin bashi da bayarwa a garin da ba nasu ba. Amma da rani suke tashi, bayan an kawar da amfanin gona. Da kaya suke tafiya, ba wanda yake bin madugu hannu rabbana don kawai a gan shi a Salaga. In sun isa kuma ba garin duka suke ƙulla abota da shi ba. Kowane bafatake yana da fatomansa, mai masauki guda da yake sauka a gidansa shekara da shekaru, shi ke ajiye masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi. Nuwamba da Disamba su ne daminarki, ƙanwata. Ba a barin gona da damina a tafi cin rani.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da nake so ki amsa wa kanki tsakani da Allah. A cikin lambobi talatin ɗin nan, guda nawa kika kira bayan kin dawo? In amsar ita ce babu, ko kuma kin tura gaisuwar Juma'a sau ɗaya kika yi shiru, to ba tafiyar ce kaɗai ta gaza ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, ta kasuwanci ma haka. Karɓar lamba a cikin hayaniya, kiɗa yana tashi, kowa yana ɗaukar hoto, gaisuwar hanya ce. Alaƙar tana farawa ne ranar da kika tura saƙo mai ɗauke da wata buƙata ko wani amfani. Ba ki makara ba. Ki zaɓi biyar daga ciki waɗanda kika tuna fuskarsu da abin da suke yi. Ki rubuta wa kowacce, ki tuna mata inda kuka haɗu, ki tura hoton aiki ɗaya da kika gama kwanan nan, sannan ki faɗi abu takamaimai: kina neman mai leshi amintacce a Legas, ke kuma in tana buƙatar shadda ko atamfa daga Kantin Kwari, ko rinin Ƙofar Mata, ko mai surfanin hannu, kina nan. Kada ki raina wannan tayin. Abin da ke ƙofar shagonki abin nema ne a wurin wanda yake kusan kilomita 1,000 daga nan. Tun a 1851 da Bajamushe Heinrich Barth ya zo Kano ya tarar yadin garin nan yana kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Biyu cikin biyar in suka amsa suka ɗore, kuɗinki na bara bai tafi a banza ba.

Maganar kuɗi kuwa gajera ce, amma ki riƙe ta da kyau. Kafin alƙalamin da amaren nan suka ba ki amana ce har sai kin miƙa kaya. Kada ko sisi daga ciki ya shiga tikiti ko ɗakin otal. Na ga teloli da yawa sun faɗa wannan ramin, a ci kuɗin amaryar Disamba a yi tafiya, a dawo a jira kafin alƙalamin amaryar Janairu a sayi kayan aikin ta Disamba, a haka har igiyar ta tsinke. Kuma tun da aka cire tallafin man fetur a Mayun 2023 kin fi ni sanin yadda kuɗin mota da jirgi da man janareta suka koma. In za ki lissafa tsadar tafiya, kada ki tsaya a tikiti da masauki da abinci da kayan da za ki ɗinka wa kanki don kada a raina ki. Ki haɗa da kwanakin da teburin yanka zai zauna ba kowa, da albashin yaran da ke zaune suna jiran ki, da leshin da kika biya bara. In kina son tafiyar baɗi, ki shiga adashe don ita tun daga Janairu, ko ki ware asusu daban kina jefa wani abu daga ribar kowace riga. Abin da ya taru shi zai gaya miki kwana nawa za ki yi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai a wasiƙarki ba taron ba ne. Layi ɗaya ne: kwana biyar kika yi, aka ɓata wuyan riga. Shago mai shekara shida da ma'aikata shida, amma ba ya iya tsayuwa kwana biyar in ba ki nan. Ƙanwata, ko babu Legas a duniya wannan abin gyara ne. Gobe haihuwa ce, ko jinya, ko rasuwa a dangi, ko Allah ya kira ki aikin Hajji; waɗannan ba sa duba littafin oda kafin su zo. Ki tuna ƙarshen Oktoban 2024, daidai irin lokacin da ake wannan taro, yadda aka ɗauke wuta a mafi yawan Arewa sama da mako guda saboda lalacewar manyan layukan lantarki. Telar da ba ta gari a makon nan, kuma ba ta bar mai yanke shawara a shago ba, Allah kaɗai ya san abin da ta tarar.

Ina zargin wuyan rigar nan ya ɓaci ne don samfurin yana cikin kanki, ko yana cikin wani saƙon murya da amarya ta turo miki ke kaɗai. Ki sayi babban littafi, kowane aiki da shafinsa: awo, hoton samfurin ko zanensa, ɗan ƙyallen yadin a manne, abin da mai kaya ta ce ba ta so, ranar gwaji, ranar karɓa, abin da aka biya da abin da ya rage. Duk canjin da aka yi ta waya a shigar da shi a ranar. Yadda ko ba ki nan, yarinya za ta buɗe shafi ta ga an rubuta wuya ya rufe har ƙashin wuya, kada a zurfafa.

Sannan ki duba cikin masu ɗinkin nan huɗu ki fitar da guda, wadda ta fi natsuwa ko da ba ita ta fi sauri ba, ki koya mata yanka. Na san abin da ya zo ranki yanzu, don duk mai shago shi take faɗa mini: in na koya mata yanka, gobe za ta buɗe nata ta kwashe mini kwastomomi. Za ta iya tafiya, kamar yadda ke ma wata rana kika bar hannun wadda ta koya miki. Amma wadda aka ƙara wa albashi, aka ɗora ta a kan sauran, aka riƙe ta da mutunci, takan daɗe. In ma ta tafi, da alheri za ku rabu, ranar da aiki ya yi miki yawa kina da inda za ki tura anko ki kwana da kwanciyar hankali. Ki fara ta da yadi mai araha da kayan yara, ta wuce zuwa anko, leshin amarya ya zama na ƙarshe. Wannan damina ta amare bakwai ita ce makarantar: ta tsaya kusa da ke a kowane yanka da kowane gwaji, ki riƙa faɗa mata dalilin abin da kike yi. Bayan bukukuwan sun wuce ki gwada shagon. Ki zauna a gida wuni guda, waya a kunne amma kada ki kira. Wani makon ki yi kwana biyu. Abin da ya ɓaci kina Kano, da yamma za ki gyara shi. Ranar da kika yi kwana uku kika dawo kika tarar ba abin da ya karkace, kin samu izinin tafiya daga shagonki.

Kafin nan, sanayyar da ta fi kusa da aljihunki tana cikin garin nan, mota ɗaya ko Adaidaita Sahu ce tsakaninku. Amarya kafin ta zo wurin tela, ko bayan ta bar wurinta, tana bi ta hannun mai gyaran jiki, da mai lalle, da mai kwalliya, da mai ɗaurin ɗankwali, da mai hoto, da mai ƙawata wurin biki. Kowannensu ana tambayar sa wa ya iya ɗinki. A cikin bukukuwa bakwai ɗin nan za ki haɗu da su ko ba ki so. Ki karɓi lambar mai hoton, ki roƙi amarya izini kafin ki sa hotonta a Instagram, in ba ta yarda a ga fuskarta ba a ɗauki rigar kaɗai, ki ambaci sunan mai kwalliyar a ƙasa ita ma ta ambaci naki. Ki tura musu aiki kafin ki nemi su turo miki. Ga kuma kasuwar baje koli ta Kano da ƙungiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA take shiryawa a filinta na titin gidan Zoo wajen ƙarshen shekara, wadda za ki iya leƙawa da yamma ki kwana a ɗakinki, da ta Kaduna da takwararta KADCCIMA take yi a farkon shekara. Ko maƙwabtanmu na Nijar suna da nasu: mai zanen kaya Alphadi ya fara bikin nunin kayan sawa na FIMA ne a 1998 a cikin hamada kusa da Agadas, ya janyo manyan masu zanen kaya na duniya suka zo har inda yake. Ba Legas kaɗai ce ƙofa ba.

Ita kuwa wadda ta ce tsoro ne ke damun ki, kada ki tanka mata a zaure, kada kuma ki riƙe ta a zuci. Mai yiwuwa da zuciya ɗaya ta faɗa. Ki rubuta musu layi biyu: bana ina da amare a hannu ba zan samu zuwa ba, Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ba wanda yake bin ki dogon bayani. In akwai wadda kuka fi shaƙuwa, ki kira ta gefe ki tambaye ta abin da tafiye-tafiyen suka kawo mata a zahiri, wane aiki, daga wa. Za ki ji amsoshi iri-iri. Wata ɗinkakkun abayoyi take sayarwa, rumfa ɗaya ta mayar mata da kuɗinta har da riba, ita tafiya ta karɓe ta. Wata ba daga shago kuɗin tafiyarta yake fitowa ba. Wata kuma in ta yarda da ke za ta gaya miki ita ma tsoron a ce ba ta zo ba ne yake kai ta. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. Hoto a gaban allon taro ba ya nuna wa ya biya ma'aikatansa a ƙarshen wata. Ki ba wa wannan aminiyar taki saƙo: ta ɗauko miki bidiyon darasin da ya shafi aikinki, ta karɓo miki lambar mai leshi ɗaya da ta gani da idonta. Nunin kayan kansa kuwa, kafin gari ya waye hotunansa sun cika Instagram.

Maigidanki tambayar mai hankali ya yi miki, kuma ki gode Allah da ya ba ki wanda yake tambaya bai hana ba. Ki amsa masa da gaskiya: tafiyar bara na je ba shiri, ga abin da na kashe, ga abin da na koya, ga yadda nake so in yi ta gaba. Namijin da aka nuna wa lissafi a fili, ranar da tafiya ta kama shi zai riƙe miki yara da daɗin rai.

In kuma baɗi ta zo kina son zuwa, taro ɗaya ya ishe ki a shekara, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Ki buɗe littattafan odarki na shekarun baya ki ga watannin da aiki yake ja baya. Ki tuna azumi da salloli suna matsowa da kusan kwana 11 duk shekara, saboda haka lokacin sararinki ma yana tafiya, sai kin riƙa dubawa. Da zarar kin tsayar da taron, ki ja layi a kan kwanakinsa, ki haɗa da kwana biyu kafin tafiya da ɗaya bayan dawowa, duk amaryar da gwajinta ko karɓar kayanta zai faɗa ciki ki gaya mata tun ranar da ta zo, ta zaɓa ko a gama mata da wuri ko ta nemi wata. Wadda kika gaya wa gaskiya ta tafi, za ta dawo da ƙanwarta. Ki yanke tun daga gida ko koyo za ki je ko sayarwa. In sayarwa ce, sai kin fara ɗinka 'yan kaya na ajiye, abaya ko doguwar riga mai rufe jiki irin wadda hannunki ya saba da ita, kin gwada su a kan matan Kano da Abuja kin ga suna fita, sannan ki nemi rumfa. In koyo ne, ki rubuta sunan mutum uku da kike son gani, ki tura musu saƙo mako biyu kafin taron, ki riƙe riga ɗaya da kike alfahari da ita a jaka, wadda za a iya juya cikinta a duba.

Yau da dare dai, in yara sun yi barci, ki ɗauko takarda ki jera sunayen amaren nan bakwai da ranakun bikinsu. A gaban kowace rana ki rubuta wata da ta riga ta da mako guda, ita ce ranarki ta gamawa, ki manna takardar a bangon da ke saitin teburin yanka inda duk yaran za su gani. Ki rubuto mini a Janairu in ji yadda aka kwashe, da sunan matsayin da kika ba wa yarinyar da kika zaɓa. Allah ya sa wa hannunki albarka, ya ba amaren zaman lafiya. Ki gaishe mini da maigidan da yaran.